Garin Tarina da Kwat ɗin Bature

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ƙaddamar da littafina a Dagenham ba. Ko na so in manta, matata Hajiya ba za ta bari ba.

Laifin duk na surukina ne, Dakta Sani, mijin 'yata Bilkisu. Shi ya kwashe mu a mota zuwa wani ƙaton gida a bayan London, wai mu sha iska. Matar da ke zagayawa da baƙi ta ce mai gidan wani Bature ne na zamanin da, yana buga littattafan yara, yana kuma sayar da garin maganin zazzaɓi. Dabararsa ita ce ya cusa tallan maganin a cikin labari. Da haka ya sayi gida da gona da dawaki, ya koma ƙauye yana yawo da sanda. Turancina na aji huɗu ne, amma a wannan bayanin ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Na ce a raina, ni da nake haɗa garin tari a kicin ɗinmu na Thamesmead, citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, me Baturen nan ya fi ni? Gona kawai.

Na zauna na rubuta labarin wani bunsuru da tari ya kashe saboda babu Garin Baba Alhaji a gidansu. Aka buga min a wani shago a Whitechapel. Dakta Sani, da yake suruki ne, ko idona ba ya iya kallo, sai ya aiko Bilkisu: wai Baba ya yi hankali, mai asma bai kamata ya yi wasa da yaji ba. Ji min yaro! Na ce ta gaya masa ina haɗa magani tun kafin a yanke masa cibiya. (Bara na fara, amma wa zai ƙaryata ni?) Abin shaƙar da asibiti suka ba ni kuwa na jefa shi a durowa, don mai magani ba ya yawo da maganin wani.

Saura shiga. Na je shagon gwanjo na sayi kwat mai kaurin bargo, da hula kamar faifai, da dogon takalmin roba, irin na attajiran ƙauyen Turawa. Hajiya ta sunsuna ta ce, “Alhaji, kwat ɗin nan warin kare yake.”

Na ce, “Warin arziki ne, ke ce ba ki saba ba.”

“Babbar rigarka me ta yi maka?”

Na karɓe kwat ɗina na rataye.

Ranar ƙaddamarwa, zauren da ake koya wa yara Hausa ya cika, iyaye da 'ya'ya, an kunna hita kamar gidan burodi. Na hau karatu da murya irin ta mai labaran rediyo. Ina isowa inda bunsuru ya fara tari, sai na ji wani abu yana susar maƙogwarona. Gashin karen nan ne, gumi ya tayar da shi. Na yi tari ɗaya, yara suka tafa, sun zaci wasan ne. Na yi na biyu, na uku. Sai na ce to, ga dama ta samu. Na ɗaga kwalbar garina na ce, “Jama'a, ku shaida!” Na cika cokali na watsa a baki, babu ruwa.

Abin da ya biyo baya, Allah kada ya maimaita. Ido ruwa, hanci ruwa, hula ta yi nata wuri, ƙirjina yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ina jin abokina Alhaji Issaka, mutumin Ghana, yana ihu daga baya: “Ku ƙara masa cokali ɗaya, ai shi ya ce yana aiki!”

Hajiya ta taso daga ɓangaren mata ba tare da gaggawa ba, ta buɗe jaka, ta zaro abin shaƙar nan da na ɓoye, da sunana ɓaro-ɓaro a jiki. Dakta Sani, wanda tun da ya auri 'yata bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, shi ya durƙusa ya tuɓe min kwat a gaban jama'a, ya ɓalle min maɓallai har singileti ta fito, ya kafa min abin a baki. Kansa a sunkuye yake cewa, “Baba, a ja numfashi. A riƙe. A sake.”

Da zai ce ai ya faɗa min, da na samu abin yin faɗa. Ina! A mota ma abin da kawai ya ce shi ne, “Baba, labarin ya yi daɗi.”

Hajiya ta ce, “Ƙwarai. A dai gyara ƙarshen, a kai bunsurun asibiti.”

Garin yanzu a kunu take zubawa, kowa na yabo. Ni kuwa na sake nazarin Baturen nan, na gano inda ya fi ni, kuma ba gona ba ce. Matar nan mai zagayawa da baƙi ta ce ya buga, ta ce ya sayar. Ko sau ɗaya ba ta ce ya sha a gaban mutane ba.