Na yi sallama tun takarda ba ta fito ba

Ranar da wani asibiti a Kanada ya ɗauke ni aikin jinya, saura takardar zaman dindindin tawa da ta iyali, ji na yi har na hau jirgi. Matata ta ce, "Baban Ummi, ka bari takardar ta fito." Na ce ai magana ta ƙare.

Na rabar da awaki, na ba ƙanena babur, na bi garinmu Toranke gida-gida ina neman yafiya. Da na zo kan maƙwabcina Malam Bukar, tunda ba za mu sake haɗuwa ba, har na faɗa masa ni na matsar da iyakar gonarmu. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Allah ya kai ku lafiya."

Damina ta zo ta wuce, takarda shiru. A gaban mai unguwa aka mayar da iyakar gona inda take a da, babur kuwa sai na roƙi aro. Amma gyaɗa ta yi kyau, alhamdulillahi.

Yau ma ina fitowa da fartanya Malam Bukar ya ɗaga murya: "Mutanen Kanada, ya sanyi? Ko akwai sauran abin yafewa?"