Bismillar da Ba Tawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi wa wani bismillah ni kuma na amsa ba. Ko na so in manta, mutanen Roni ba za su bar ni ba.

Laifin dambu ne. Mahaifiyata, Inna, Allah Ya ji ƙanta, tana yin wani dambun tsakin masara da zogale, ta barbaɗa ƙuli, ta kwarara man shanu, ta miƙo maka a baƙin akushi tana faɗan ka bari ya huce. Shekara biyu da rasuwarta, kuma tun ranar ban sake jin wannan ɗanɗanon a bakina ba. Matata tana ƙoƙari, wallahi tana ƙoƙari (idan wannan rubutu ya je hannunta, ta shaida na faɗa), amma ba shi ba ne. Ƙato da ni, da 'ya'ya uku da teburina a ofis a Kazaure, sai in zauna kewar Inna ta taso mini ta hanyar yunwa.

Ana nan wata rana ina latse-latsen waya, sai na faɗa shafin wani gidan abinci na Kano, irin na manya ɗin nan masu gilashi da sanyin na'ura. Ɗan bidiyo ne gajere. Hannu ya ɗaga faifai daga kan baƙin akushi, tururi ya tashi, ga dambu ya yi tozo, zogale kore shar, mai yana ƙyalli. Na kalla sau ɗaya, na sake, na sake. Abin ya zame mini jiki: da na idar da la'asar sai in buɗe. Ran nan na daure na rubuta musu a ƙasa, "Allah Ya yi albarka, kun tuna mini da gida." Ko minti biyar ba a yi ba suka amsa: "Muna jiranka, Alhaji."

Ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba. Na nuna wa Malam Sabo, abokin aikina, ya ce, "Kai dai ka cika abin dariya. Kowa haka suke ce masa. Duba, ga wata ma sun ce mata Hajiya." Na ce masa hassada ce kawai.

Ranar Asabar na ce wa matata ina da ɗan uzuri a Kano (uzurin nan da ba a tambaya). Na saka shaddar Sallah, na karya hula, na ƙi karyawa don in bar wa dambu wuri, na shiga mota. Ƙarfe sha ɗaya na safe ina ƙofar gidan abincin. Babu kowa a ciki, ashe mutanen birni ba sa cin abincin rana da hantsi. Na zaɓi teburin da ke jikin taga, inda haske yake shigowa sosai. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini takardar jerin abinci, ko buɗewa ban yi ba.

"Dambu," na ce. "Na akushin nan."

"To ranka ya daɗe, sai ka ɗan yi haƙuri, yanzu aka ɗora."

Na ce ba komai, na shekara biyu ina jira. Ta yi murmushin da ake yi wa wanda ba a gane maganarsa ba. Na tashi na je wanke hannu.

Ina dawowa na tarar da shi a kan teburina. Shi ɗin dai, na cikin waya: baƙin akushi, tozon dambu, tururi yana tashi. Mutum uku sun ɗan ja baya sun kewaye teburin. Wani mai kyamara, wata budurwa riƙe da waya a kan sanda da fitila zagayayya, sai wani mai kwat da daga baya na san shi ne manaja. Budurwar tana ta magana da wayarta, "Ga shi nan, masoyanmu, kai tsaye daga kicin ɗinmu..." A raina na ce, ka ga birni! Sun gane ni. Alhajin da suke jira ya iso, har da 'yan tarba.

Manaja ya ɗaga hannu ya ce, "To, bismillah."

Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah. Mutumin da ya tashi a Roni, ga abinci a gabansa, ga hannunsa a wanke, aka ce bismillah, me ake so ya yi? Na ja kujera na zauna, na naɗe hannun riga, har na ce musu, "Ku ma bismillah." Na cusa hannu na yanko loma.

Wurin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka ladabi ne.

Zan faɗi gaskiya a nan, don ita ce ta fi komai ciwo. Dambun nan sanyi ƙalau yake. Ba gishiri. Tsakin yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Amma na rufe ido, ga akushi a ƙarƙashin hannuna, ga ƙamshin zogale, sai kawai na ga Inna a bakin murhu tana goge gumi da haɓar zane. Hawaye suka zubo. Na buɗe baki, da abinci a ciki, na ce, "Wallahi kamar na Inna."

Na kai hannu loma ta uku, yatsuna suka daki wani abu, ƙwas! Na tona. Ƙaramin kwano ne aka kife a ciki, aka lulluɓe shi da dambu don ya yi tozo. Na leƙa bayan akushin, sai ga dunƙulen auduga jiƙe da ruwan zafi, ita ce take ta tururin nan da na yi wata biyu ina kallo.

"Ranka ya daɗe," in ji manaja, murya ƙasa-ƙasa, "wannan na hoto ne. Ba a gama dafa shi ba. Da mai kyamara nake."

Na waiwaya. Mai kyamara yana bayana daidai, ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Teburin nawa kuwa saboda hasken taga suka zaɓe shi, ba su ma san da mai shi ba. Budurwar ta raɗa wa manaja, "Oga, muna kai tsaye fa." Na tambaye ta me ke nan. Ta ce mutane suna kallo yanzu haka. Na ce su wa? Ta ce kowa.

Ban san dalili ba, sai na tsinci kaina ina ƙoƙarin mayar da dambun kan kwanon, ina shafa shi da tafin hannu ko zai koma yadda yake. Wannan ma an ɗauka.

Mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba. Manaja ya yi ta ba ni haƙuri, aka kawo mini na gaske da zafinsa, a farin faranti, da karas da hanta da cokali mai yatsu. Ya yi daɗi. Na ci rabi, kaina a sunkuye, na sulale.

Kafin mota ta iso Kazaure wayata ta kusa ƙonewa. Malam Sabo ya turo mini bidiyon ba tare da ya ce komai ba, wanda ya fi zagi zafi. Gidan abincin sun manna shi a saman shafinsu, sun rubuta, "Dambunmu har kuka yake sa manya." Matata ta tarbe ni a ƙofa da "Sannu da uzuri." Sai kuma ga kiran Yaya Hajara, babbar yayarmu, daga Roni.

"Auta," ta ce, "ɗanyen tsaki ba gishiri ne kamar na Inna? A gaban duniya? Me baiwar Allahn nan ta yi maka?"

Kafin in buɗe baki ta ɗora.

"Shekara biyu kana ɗauke da wannan abin a ranka, ba za ka iya hawa mashin ka zo ka ce Yaya yi mini dambu ba? Madambacinta yana nan a wurina. Ka zo ranar Juma'a."

Na je. Ta dafa shi a tsakar gidan da muka tashi, a madambacin Inna, ta dire mini akushi a kan tabarma ta ce, "Bismillah." Wallahi ban san lokacin da na waiwaya bayana ba. Ta yi dariya har ta zauna daɓas a ƙasa, tana share ido.

Na ci loma ɗaya, ita ma ta sa hannu. Muka tauna a hankali.

"Ya ka ji shi?" ta tambaye ni.

"Ya yi daɗi, Yaya."

"Amma ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Na sani," ta ce. "Kana tsammani sau nawa na gwada ni kaɗai?"

Muka cinye shi tas, har muka suɗe akushin, ba wanda ya kalli wani.

Darasin da na koya biyu ne. Idan aka ce bismillah a birni, ka fara duba wanda ke bayanka. Idan kuma kewar mahaifiyarka ta kama ka, kada ka kai ta inda akwai kyamara, ka kai ta wurin wanda shi ma yake kewarta.