Shari'ar Masarar Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na gama sakandare ba, lokacin da na ƙudurta a raina sai na zama lauya ko ana ha maza ha mata. Baba ya ce atafau aikin gona zan karanta, don shi a wurinsa lauya mutum ne da ake biya ya yi musu. Da na dame shi, ya ce in je in ga aikin da idona tukuna, in ya ga alamar zan iya, zai amince.

Haka na riƙa hawa mota daga Pauwa zuwa kotu a Kankara, in zauna a bencin baya ina kallon lauyoyi. Kafin wata ya ƙare na iya tafiya da hannu a baya, na iya cewa "da izinin kotu" (har Inna na taɓa gaya wa haka da zan nemi ƙarin tuwo).

Ana nan sai shanu suka faɗa gonar maƙwabcinmu Malam Idi, suka yi wa masararsa kaca-kaca. Aka taru a zauren maigari. Bello makiyayin ya ba da haƙuri, dattawa suka sa baki, Malam Idi ya fara cewa ya yafe. Baba yana gefe yana jan carbi. Na ce a raina yau zai ga aiki.

Na miƙe na nemi izini. Na ce Bello ba shi da laifi, kiwo kawai aka ba shi. Mai laifi shi ne mai shanun, da ke kwance a gida yana jiran riba. Na ce irin wannan yafiyar ce ke sa masu dukiya raina manoma, don haka a kira shi ya biya, ko ɗan gidan uban wane ne. Zauren ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka fasahata ce ta kashe musu baki, har na ƙara maimaita maganar uban.

Maigari ya gyara zama ya dubi Baba. "To Alhaji, ka ji abin da lauyan Malam Idi ya ce."

Ashe shanun Baba ne ya ba Bello kiwo. Kowa a garin ya sani ban da ni, da na ƙare shekaruna a makarantar kwana ban taɓa tambayar inda nonon gidanmu ke fitowa ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya ce zai biya da buhunan masara, ɓarnar da saura ƙiris a yafe masa.

Muka taho gida da Baba, ni kuwa na riga na sallama karatun lauya. Sai a ƙofar gida ya tsaya. "Je ka karanta abinka. Yaron da ya kayar da ubansa a gaban jama'a, in na kai shi gona ma da shuka zai yi musu."

Yanzu ina tsangayar shari'a a jami'a, kuma ban fasa surutu ba. Sai dai kafin in buɗe baki a kowace magana, nakan fara tambaya: shanun na wane ne?