Tambayar Da Dikoda Ta Yi Wa Baba Shawa

"Ka yini lafiya, maci ɓera?"

"Me kika ce?"

"Na ce ranka ya daɗe, ka yini lafiya!"

"Ƙarya kike, na ga bakinki. Ɓera kika ce. Shigo, amma ki ajiye hannuwanki inda zan riƙa ganinsu."

Haka Bana Kangwa ta shiga falon Baba Shawa ranar Lahadin nan, ƙarfe uku da rabi, ko kayan coci ba ta cire ba. Ita 'yar ƙabilar Bemba ce, shi Ngoni, ƙabilu biyu abokan wasan juna, saboda haka duk abin da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya ya zauna daram, ko a gidan makoki ba sa raga wa juna. Ni na je na kira ta, ba zan ɓoye ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da falonsa a nan garin Kitwe, kuma shekara biyu ke nan ina jin labaran duniya ko ina so ko ba na so, don dattijon yana ƙure muryar talabijin har kofuna su riƙa rawa a kantata. Duk layinmu an san kunnensa ya tafi. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai riƙe da injin fasa dutse a ramin jan ƙarfe, ina kunne zai saura? Amma babu mai bakin faɗa masa, ni kuwa ina son zaman lafiya da maƙwabcina.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne, ƙarfe huɗu za a nuna 'yarsa Zelipa a talabijin, karo na farko, tana magana kan lafiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai. Ta ce masa ya kalla, in an gama za ta kira ta ji abin da ya gani. Wani a coci ya gaya masa dikoda, wato akwatin da ke kawo tashoshi a talabijin, tana iya rubuta maganar mutane a ƙasan allo. Kwana uku yana fama, ko harafi ɗaya bai fito ba, ya daina cin tuwon kirki.

"An ce min kana kokawa da akwati, akwati yana kayar da kai," in ji Bana Kangwa. Ta zauna daf da shi, ta ɓangaren hagu, ta jawo kwanon gyaɗar da ƙaninsa ya kawo masa daga garin Chipata.

"Wa ya ce? Ni rubutun nan ba don kaina nake nema ba. So nake in ga ko 'yan talabijin sun iya rubuta Turanci. Yaran yanzu ba su san inda ake ɗiga aya ba."

"Oho, duba jarrabawa za ka yi. To ba ni rimot, malam."

"In ba Bemba rimot? In na kifta ido batir ya bi ki gida."

"Batir ɗin da ka ciza har ya lotse? Ko kyauta ba na so. Ji yadda ka naɗe shi a leda kamar ragowar kifi. Tun yaushe rabon rimot ɗin nan da shan iska?"

"Shi ya sa ya kai shekara tara. Naku wata biyu yake yi, don da hannun miyar biri kuke dannawa."

"Biri dai nama ne, ana yanka shi a raba wa maƙwabta. Ku fa? Ƙato da gemu ya kwanta rub da ciki a gona, ya zura hannu a rami, ya fito da abin da kyanwa ma sai ta yi tunani."

"Ki ci gyaɗata, ki zage ni. Ina ƙirgawa fa."

Ya miƙa mata dogon rimot ɗin, yana riƙe da gindinsa sai da ta fizge. Ya nuna mata da alfahari inda ya shiga, allon ya nuna an kunna rubutu. Bana Kangwa ta dubi rimot, ta dubi shi, ta juyo ta dube ni inda nake tsaye a bakin ƙofa.

"Namukolo, zo ki ga abin tausayi. Kwana uku da rimot ɗin talabijin yake yi."

"To da na me zan yi? Na firji?"

"Na dikoda, jikan mayaƙa! Tun ranar da aka haɗa akwatin nan, talabijin ɗinka allo ne kawai, abin da aka ba shi yake nunawa. Ka tsaya kana yi wa ɗan aike masifa, mai saƙon yana zaune a ƙasa yana kallonka. Ina ƙaramin?"

"A ina kika san duk wannan? Ke da ajinki huɗu?"

"Ajina huɗu, amma wasan Indiya ba ya wuce ni. Kana tsammani Indiyanci nake ji?"

Ƙaramin rimot ɗin yana ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, shi ma cikin ledarsa. Ta danna nan, ta danna can, harshe a waje, ta sauya zuwa wata tasha da ake wasan kwaikwayo. Sai ga fararen haruffa sun fito a ƙasan allo. Baba Shawa ya yi wuf ya gyara tabarau, ya matso, ya karanta, ya sake karantawa.

"Wannan ai ba Turanci ba ne."

"Yarenku ne mana."

"Fotugis ne! Kin kai min talabijin Mozambik!"

"To ba kullum kake cika mana baki kakanninku sun ratsa ƙasar da ƙafa ba? Ba su tsinto ko kalma ɗaya ba?"

"Yaƙi ya kai su. Da mashi suka ƙetare kogin Zambezi."

"Ɓera ne ya faɗa ruwa, suka bi shi. Kowa ya san tarihin nan."

"Da muka iso kuwa kakanninki a kan bishiya muka same su, suna gardama da abincin rana."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta sake damƙar gyaɗa. A lokacin na lura ba ta kai ko ƙwara ɗaya baki ba, a gefen zani take ƙullewa. Ta mayar da harshen zuwa Turanci, ta koma tashar da za a nuna Zelipa. Babu rubutu. Ta fita, ta sake shiga, ta kashe dikodar ta kunna. Shiru. Agogon bango ya nuna huɗu saura minti goma sha biyu, dattijon kuwa ya fara murza gwiwarsa da tafin hannu.

"Tsaya, akwai layi ɗaya a ƙasa da ban taɓa ba," in ji ta.

"Bar wannan. Na duba shi."

"Da wane rimot?"

Ta ƙura wa allon ido, tana haɗa Turancin a hankali kamar mai tsince tsakuwa a wake. Abin da aka rubuta shi ne: don masu matsalar ji. A gabansa akwai e, akwai a'a. Alamar tana kan a'a.

"Shawa."

"Me?"

"Ashe ka san ƙaramin rimot. Ka zo nan wurin."

"Ranar Juma'a. Da jiya. Akwatin banza, marar kunya. Da kuɗina na saye shi, zai riƙa yi min tambayar da ko likita bai yi min ba."

"Me ka ce masa?"

"Gaskiya na faɗa masa. A'a."

"Shi ma ya ce to, tunda kana ji, sai ka ji."

Na toshe bakina da gefen zani. Shi kuwa ya turo mata rimot ɗin da yatsa ɗaya.

"Ke danna. Ƙarya ba ta yi wa Bemba wuya, tun kuna goye kuke koyo."

"Ni kunnena ras. Ina jin ƙarar tuwo in ya nuna a gida na uku."

"Namukolo, 'yata, zo ki danna."

Bana Kangwa ta watso min harara, ni ma na shiga duba faratana kamar yau na fara ganinsu. Sai ta ja kujerarta ta dawo gabansa, yadda zai ga bakinta sosai. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shawa, kunnenka ya mutu. Kurma ne kai, ko saura kaɗan."

Shekara biyu unguwa guda tana kewaye kalmar nan, ita ta ajiye ta a kan tebur kusa da kwanon gyaɗa. Da dattijon ya yi magana, muryarsa ta sauka, abin da ban taɓa ji ba.

"In Zelipa ta sani, wurinta can Lusaka za ta kwashe ni. Hawa na uku, babu lambu, babu wanda na sani. Ta ajiye ni a gefe kamar tsohuwar kujera. A waya ina cewa e, e, haka ne, tana tsammani ina ji. Yau in ta tambaye ni me ta faɗa, me zan ce?"

"Shi ya sa za ka danna, ka karanta, ka ba ta amsa. Akwatin ba ya kai gulma Lusaka." Ta waiga ta dube ni, ta sake matsowa kusa da shi. "Ni haƙorana na sama tun bara na roba ne. Ka ji an ce na mutu?"

Ya buɗe ido. "Na roba?"

"In ka faɗa wa wani sai na ƙona gidan nan."

"Shi ya sa! Ina ta mamaki, Bemba a gaban gyaɗa, ba a jin ƙaras-ƙaras."

"Da wane kunnen za ka ji?"

Dariya ta ƙwace masa, har da tari. Huɗu saura minti biyu. Ya ɗauki rimot ɗin, ya goge ledar da hannun riga, ya kai alamar kan e. Ya ɗan tsaya, sannan ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kuɗin cizo.

Tallar maganin sauro ake yi. Nan take rubutu ya fito, baƙin layi da fararen haruffa, har da abin da ba magana ba. Aka rubuta: kare yana haushi.

"Kin gani? Har ke ya ji."

"Allah ya shirye ka."

Sai shirin ya fara. Aka rubuta: kiɗa mai taushi. Ya ce, "Ashe da kiɗa suke farawa?" Ga Zelipa nan cikin shuɗiyar riga, ta haɗa hannuwa a kan tebur, goshin ubanta sak. Ya miƙa hannu ya rage muryar talabijin har ƙasa, don wai tana hana shi karatu. Falon ya yi tsit, sai leɓunansa da ke motsi. Ta yi bayanin ƙura, ta yi na abin toshe kunne da ake raba wa ma'aikata su kuma suna cusawa a aljihu. Yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne. Mu ma haka muka yi." Sai mai gabatarwa ya tambaye ta abin da ya sa ta zaɓi wannan aikin. Rubutun ya fito layi biyu-biyu, duk muka karanta tare.

"Babana ya yi shekara ashirin da bakwai a ƙarƙashin ƙasa don mu yi karatu. Can ya baro kunnensa. Yana ɓoye mana don kada mu damu, mu ma muna ɓoye masa mun sani don kada ya ji kunya. In na kira shi yana cewa e, e, haka ne. Ni kuwa muryarsa kawai nake son ji."

Ni dai hawaye suka zubo min, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Baba Shawa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Akwatin nan ya lalace," ya ce da ƙyar. "Hannun Bemba ya taɓa shi, ya fara ƙarya."

"To kawo in mayar da shi kan a'a."

"Taɓa ki gani."

Ya karanta shirin har ƙarshe, har sunayen masu ɗaukar hoto. Ana gamawa wayarsa ta hau ruri a kan tebur, bai ko motsa ba sai da Bana Kangwa ta ɗaga ta ta nuna masa sunan da ke haske a jiki. Ya kalli wayar, ya kalli allon.

"Ɗauka. Ki ce mata na gani, duka, babu kuskuren Turanci ko ɗaya. Ki ce daga yau ta riƙa rubuto min, ni kuma in kira ta in yi mata surutu. Lusaka kuma ba ni zuwa."

"In ce kunnen fa?"

"Ki ce ya yi ritaya, ya bi mai shi."

Ta faɗa mata tsaf, ta ƙara da cewa tsohon ya yi kuka har da majina, shi kuwa yana kallon bakinta yana rantsuwa ƙarya ne. Da ta ajiye wayar ta miƙe tana gyara zani, gyaɗa ta zubo daga ƙullin ta watsu a siminti.

"Ɓarauniya! Namukolo, ki zama shaida."

"Ladan aikina ne."

Ya tashi da kansa ya shiga ciki, ya fito rungume da ragowar buhun gyaɗar gaba ɗaya, ya dire a gabanta.

"Ungo. Ki daka a turmi, ki dama a kunu, kada haƙoran aro su zube a hanya. Yau dai Bemba ta yi abin kirki, sau ɗaya tun da aka halicci duniya."

"Me ka ce?" Ta kara hannu a kunne. "Ban ji ba. Maimaita."

"Je ki tambayi akwati," in ji shi yana dariya. "Amma sai kin danna e."