Ranar da Na Juya wa Makka Baya

Ba zan taɓa mantawa da sallar azahar ɗin nan ba, ko da na so, don abokaina na Jarwal, unguwarmu a Makka, ba za su bari ba.

Lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, bayan yaƙin duniya na biyu da kaɗan. Zafin Makka ya kai inda ya kai, sai mu shida muka hau bayan babbar mota zuwa bakin teku, kudu da Jidda, muka kafa hema. Babbanmu shi ne Baba Haruna, wanda ke kula da alhazan ƙasar Hausa a wurin wani mutawwifi, wato mai yi wa alhazai jagoran aikin hajji. Yana neman saurayi ɗaya da zai riƙa tarbo baƙi daga Jidda ya kai su har Arafa, ni kuwa na ƙudura a raina aikin nan nawa ne. Na gaji da dakon kaya a kasuwa.

Tun a hanya na soma nuna kaina. Ni ne kafa turaku, ni ne hura wuta, ni ne jan addu'o'in ɗawafi da ƙarfi ba wanda ya tambaye ni.

Rana ta biyu wani masunci, Ammi Salim, ya ce zai kai mu wani ɗan tsibiri mu wuni. Na riga kowa shiga kwalekwalen (ban taɓa hawa ruwa ba, amma ban gaya wa kowa ba). Ba mu yi nisa ba cikina ya juya. Na kifa kai tsakanin gwiwoyi na ce zikiri nake, ban ɗago ba sai da muka taka yashi.

Tsibirin fili ne fetal, ba dutse ba itace, ko ta ina ruwa da hazo. Muka gasa kifi, azahar ta yi. Baba Haruna ya dube ni.

"Ya waladi, yau kai za ka ja mu. Ina alƙibla?"

Na yi waige-waige. A Jarwal ba a wannan tambayar, ko jariri ya san inda Harami yake. Na nemi inuwata, tana ƙarƙashin ƙafata, don rana na tsakar ka. Sai na hango kwalekwalen. Na ce a raina, ai inda gindinsa ya nuna nan muka fito, nan ne Makka. Na miƙa hannu kamar wanda ya auna.

Ammi Salim ya yi gyaran murya. "Ya ibni, iskar nan ta arewa ce. Sa ta a kafaɗarka ta hagu."

"Ya ammi," na ce, har da murmushi, "ni a Makka aka yanke mini cibiya."

"Tayyib," in ji shi, ya koma gefe.

Na ja raka'a biyu na matafiya, na tsawaita ruku'u da sujada don Baba ya ga natsuwa. Na sallame, na juyo na fuskanci jama'a yadda limamai ke yi. Sai ga Ammi Salim can baya yana yin tasa sallar shi kaɗai, ƙeyarsa na kallonmu. Can gabansa kuma, hazo ya ɗan yaye, ga duwatsun Hijaz a jere, wajen da Makka take. Ashe sa'ad da nake "zikiri" ya kewaye duwatsun cikin ruwa, ya sauke mu ta bayan tsibirin.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in tona yashi in shige. Baba Haruna ya waiwaya, ya daɗe yana kallo.

"Shekara bakwai ubanka ya yi a ƙafa daga Kano kafin ya iso nan," ya ce a hankali. "Kai a raka'a biyu ka mayar da mu Sudan."

Dariya har da masu birgima. Muka sake sallar, Ammi Salim a gaba, ni a ƙarshen sahu.

Duk da haka ban haƙura ba. A hanyar komowa na zauna kusa da masuncin, ido buɗe, ina amai ina tambayarsa sunayen iskoki. Da muka isa hema na tari Baba na ce har yanzu ina son aikin.

"Halas, na ɗauke ka," ya ce. "Amma cikin Harami kawai. Can Ka'aba na gabanka, ba yadda za ka yi ka ɓatar da mutane."

Hajji uku na yi kafin ya yarda in taka Jidda da baƙo, kuma har yau tsofaffin Jarwal Limamin Sudan suke kirana. Tun daga ranar, duk inda na sauka, ko gidan ƙanena ne a unguwar Mansur nan cikin Makka, sai na tambayi mai gida alƙibla kafin in shimfiɗa darduma.