Kyautar 'Yar Iran

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kyauta ta mayar da ni ɓarawo a gaban manyan Dutse, kuma har gobe ina nan a kan bakana: ba laifina ba ne.

A lokacin adaidaita nake ja. Dakta, wani likita ɗan Ringim, ya ɗauke ni in riƙa kai matarsa gidan marayu. 'Yar Iran ce, a wajen karatu ya auro ta, Malama Maryam muke ce mata. Zane ne sana'arta, tana koya wa marayu kyauta. Ni dai daga aji huɗun firamare na tsaya, ban ga abin da fenti zai tsinana wa maraya ba, amma mace ce mai kirki, ba na cin amanarta.

Ranar da za a baje zanen yaran ga baƙi, ni na kwaso kaya da safe muka rataye. A ciki akwai nata guda ɗaya: wata tsohuwa da ɗankwali tana ɓare ruman. Wallahi sai na ga kamar Innata ta Aujara, Allah Ya jiƙanta. Na ce, "Kai, Malama, wannan ya yi kyau!"

Ta dafa ƙirji, da 'yar Hausarta ta ce, "Naka ne, Malam. Ɗauka."

To, ku ku faɗa min. A ina aka taɓa mayar da hannun kyauta baya? Tana shiga wajen yara na sauke abina, na kai gida, na samu ƙusa na kafe shi a bango. (Ta tsakiyar ɗankwalin na buga ƙusar, don kada ya karkace.) Uwargida har ta leƙa ta kira maƙwabta kallo.

Da la'asar na dawo ɗaukarta, sai na tarar da zaure cike da manyan riguna, an sa maigadi a tsakiya. Dattijo ne, yana ta rantsuwa bai ga kowa ba, shugabar gidan na cewa yau zai bar aiki. Malama kuwa na tsaye gaban bango tana share hawaye.

Na kutsa da faɗin kai na ce, "Ku saki Baba! Ai ni ta ba!"

Dakta ya kama hannuna zai ja ni gefe, na fizge. Na ce a yi maganar a nan, ni ba ɓarawo ba ne. (Ka ji wawa. Mutum na son rufa min asiri, ni ina yayewa.)

Ya ce, "Malam, mahaifiyarta ce da ta rasu. Shi kaɗai ta taho da shi daga gida. A can ƙasarsu in ka yaba abu dole a ce ka ɗauka. Kai kuma sai ka ƙi, a sake, ka sake ƙi. Ladabi ne."

Na ce, "Ladabi? A ce ga shi alhali ba ga shi ba?"

Wani Alhaji ya sheƙe da dariya ya ce, "Allah Ya taimake ka, Dakta, da bai yaba motarka ba!"

Haka na koma na zare ƙusar da filaya, maƙwabta na tambaya ko an fasa. Na miƙa mata uwarta da huda a ka. Ta sa yatsa ta shafa hudar, ta daɗe, sannan ta ce, "Ba komai, Malam." Ban sani ba ko shi ma wannan irin nasu ne.

Maigadi dai bai rasa aikinsa ba, amma ya daina amsa gaisuwata.

Tun daga ranar, ko goro aka miƙo min a wajen suna, sai na ɗaure hannuwana a baya na tambaya tukuna: wannan ta Hausa ce, ko ta Iran?