Ranar da Motar Malam ta Tashi da Ni

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai motar Malam yanka ba. (Hajara, ke rubuta, ki bar dariyar sai mun gama.)

Tun da maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, motarsa ke tsaye a ƙofar gidanmu a Orozo. Tayoyi sun kwanta, kaji sun mai da ita ɗakin ƙwai, baƙin mai na tsiyaya yana bin hanyar rijiya. Ni kuwa kullum sai na shafa ta na yi kukana. Da maƙwabta suka fara guna-guni, 'yata Hajara ta ce a kai ta garejin Oga Bulus, abokin Malam, a yanka ta.

Na ce, "Yanka? Rago ce?"

Ta ce haka 'yan gwangwan ke cewa in za a daddatsa mota a sayar da ƙarfen. Na ce to ƙafata ƙafarta, ba za a yanka ta ban yi mata sallama ba.

A gareji Bulus ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye min benci. Ya ce, "Mama, zauna nan, kar ka matsa kusa. Sai mun cire batir, mun juye fetur da baƙin mai a jarka, kafin wuta ya taɓa shi." Na ce to. Yana juya baya na lallaɓa na shige kujerar baya, na ja ƙofa. Ƙamshin turaren Malam na nan, ko hancina ne ya ƙirƙiro, oho. Na kwanta na ja mayafi ina kuka a hankali, har barci ya sace ni.

Ban san sun tura ta kan injin ɗaga mota ba. Na dai farka na ji muna tafiya sama, a hankali, ba gargada. Na leƙa taga, sai rufin kwano da sararin Allah. Nan take na gane: ajali ya zo, kuma Malam ya aiko motarsa ta ɗauke ni. (Har na ji daɗi, mutumin da a duniya sai na yi ta roƙo kafin ya kai ni kasuwar kifi ta Kado.)

Na gyara ɗankwali, na yi kalmar shahada, na buɗe murya: "Malam, ga ni nan tafe. Na yafe maka kifin."

Sai na ji daga ƙasa, "Jesu! Akwai mutum a ciki!"

Na leƙa. Gareji kaf ya ɗaga kai, har masu jiran gyara, Hajara ta dafe ƙirji, Bulus riƙe da sifana. Aka sauko da ni ana salati ana dariya. Bulus ya ce laifinsa ne da bai leƙa ba, ya rantse daga ranar ba ya ɗaga mota sai ya buɗe kowace ƙofa. Na ce ya bari, laifin mai shiga ne.

Na tsaya nesa aka yanka ta, na ce mata ta gaishe min da Malam. Na yi kuka har na gaji, amma wannan karon a kan benci.

Abin da na koya, 'yan'uwana mata: mai kuka ta yi shi inda ake ganinta. Kuma in kin ji ana ɗaga ki sama, leƙa ƙasa tukuna kafin ki fara yafe wa miji.